Ceto Ƙyallin Tsohuwar Mota Daga Ƙarƙashin Fenti

A 1968 aka fara ƙera Peugeot 504 a Faransa, kuma daga 1975 aka riƙa haɗa motocin Peugeot a Kaduna, yayin da ake haɗa Volkswagen Beetle a Legas. 'Yan tsirarun da suka rage a raye yanzu sun zama abin tarihi, har ana samun masu neman dawo da su yadda suka fito daga kamfani. Abin da ke fara karya wa irin waɗannan mutane gwiwa shi ne kayan ƙyalli: bamba, zoben fitila, hannun ƙofa, da siraran ƙarafan da suka zagaye gilashi. Motar da ta haura shekara 40 ta sha shiga hannun masu fenti, kuma ba kowane mai fenti ke da haƙurin kwance waɗannan ko rufe su da takarda da salatif ba. Fesawa kawai yake yi.

A mafi yawan gareji, da an ce a cire fenti sai yaro ya ɗauko samfefa. A nan ake kashe aikin. Abin da ake kira kurom shafe ne kawai. A ƙasa ƙarfe ne, a kansa sau da yawa akwai shimfiɗar jan ƙarfe, sannan nikel, sai kuma kurom ɗin a can sama. Kaurin wannan na sama bai kai maikron 1 ba, alhali silin gashin mutum yakan kai wajen maikron 70. Galibin ƙyallin ma daga nikel yake fitowa. Kurom kariya yake ba shi, tare da ɗan shuɗin nan da ido ke so. Gugar samfefa kaɗan ta isa ta ratsa shi, kuma ba ya dawowa. Da damina ta sauka, tsatsa ta samu ƙofa.

Abin farin ciki shi ne fenti ba ya kama kurom da kyau, domin santsinsa bai bar masa wurin riƙewa ba. Don haka laushi ake so fentin ya yi, ya saki da kansa. A kwance abin daga jikin mota in da hali. A jiƙa tsumma da tinar fenti ko asitom, a lulluɓe wurin, a rufe da leda don kada ya bushe da wuri. Bayan ɗan lokaci za a ga fentin ya yamutse, ya tattare kamar fatar tumatir da aka zuba wa ruwan zafi. A nan sai a tura shi da tsohon katin roba ko ɗan itace mai laushi, a bi lunguna da tsohon buroshin haƙori. In ya ƙi, a sake jiƙawa. Sau uku na jiƙo ya fi kankara ɗaya da reza.

Amma kafin duk wannan, a tabbatar da abin da ke hannu, domin ba duk mai ƙyalli ne kurom a kan ƙarfe ba. Wani alminiyam ne, wani ƙarfe ne mara tsatsa, wani tutiya ce aka zuba a mazubi, wani kuma roba ce aka yi wa shafe. Maganaɗisu yana taimakawa: ba ya kama alminiyam, tutiya ko roba. Asitom yana narkar da irin robar da ake yi wa shafen kurom. Sodar da ake yin sabulu da ita tana cin alminiyam. Ruwan wanke masai mai ɗauke da asid na haidirokulorik kuwa kurom ɗin kansa yake narkarwa, shi ya sa bai kamata ya kusanci bamba ba. A fara gwaji a bayan abin, inda ido ba ya gani.

Lafiyar mai aikin ita ce ta fi damuna. Wasu magungunan cire fenti suna ɗauke da sinadarin metilin kuloraid, wanda jiki ke mayarwa iskar kabon monoksaid mai hana jini ɗaukar iskar numfashi. Ya kashe mutane a ɗakuna marasa iska, har Amurka ta hana sayar wa jama'a irin wannan maganin cire fenti a 2019, bayan Tarayyar Turai ta riga ta. Tsofaffin fenti kuma suna iya ƙunsar dalma, wadda ƙurarta guba ce, musamman ga yara masu koyon sana'a. A yi aikin a fili, da safar hannu da tabarau, nesa da wuta da mai walda, domin tina da asitom suna kamawa nan take.

Wani lokaci fentin yakan fita sai a tarar da zane-zanen samfefa a ƙasa, wato wani mai fenti ya goge wurin da gangan don fentinsa ya kama. Ko a ga ƙananan ƙuraje, alamar tsatsa ta ci daga ciki. Wannan babu man gogewar da zai gyara shi. Sai dai a kai wa masu sabon shafe, su cire tsohon gaba ɗaya su sake zubawa, ko a shiga kasuwar tsofaffin kayan mota a nemi wani da bai taɓa haɗuwa da samfefa ba.