Kalmar Park: Baki Ɗaya, Ma'ana Da Yawa

Malamai sun san yadda lafazi ɗaya a Larabci kan ɗauki ma'anoni dabam-dabam, kamar ainu, wadda kan zama ido, ko idon ruwa, ko ɗan leƙen asiri. To, haka al'amarin yake ga kalmar Park a Ingilishi.

Asalinta daga Faransanci ne, ma'anarta fili wanda aka kewaye da shinge. A Ingila ta dā, daji ne da sarakuna ke killacewa domin farautar barewa. Hyde Park ta birnin Landan haka take: Sarki Henry na Takwas ya karɓe ta a 1536 don farauta, sai a 1637 aka buɗe ta ga talakawa. Daga nan kalmar ta zama sunan lambun shan iska, har da gandun namun daji.

Sojoji kuma suka ari kalmar, suna kiran filin da suke jera igwa da kekunan kaya da ita. Da mota ta bayyana, sai ta gaje wannan ma'ana. Ita ce direbobi suka mayar fakin, tashar mota kuwa motor park.

Kalmar sunan zuriya ce kuma, domin a dā akan yi wa mutum laƙabi da mazauninsa, kamar yadda ake cewa Na Bakin Kasuwa. Mungo Park, likita mutumin Sikotilan, ya ga Kogin Kwara a Segu a 1796, ya halaka a Busa a 1806. Amma Park na mutanen Koriya, Bak ne a bakinsu, ba shi da dangantaka da wannan.

Abin lura ga fatake shi ne, Turawa da babban harafi suke rarrabe suna da sauran kalmomi, ajami kuwa ba shi da babba da ƙarami. Akwai kuma pack, watau ɗaure kaya, wadda kunne ke rikita ta da park. Wanda aka ce ya ɗaure kaya, ya je ya aje mota, jirgi ya tashi ya bar hajarsa, hasara ta same shi. Saboda haka, in takardar ciniki ta zo, a sa mai karatu ya karanta jimlar duka, ya faɗi haruffa ɗai-ɗai, kafin a sa hannu. Tambaya ba ta rage darajar malami, balle ta attajiri.