Bushin Sifirin: Kada a Ƙarasa Ɗauri Mota Tana Sama

Motocin ɗaukar kaya irin su Hilux da Canter, da a-kori-kurar da ke jigilar buhuna ranar kasuwa, nauyinsu na baya kan sifirin yake, wato fallayen ƙarfen nan da aka jera wani kan wani. Babban fallen an naɗe kansa biyu sun zama zobe. Cikin zoben ake cusa bushin, boti ya ratsa ta tsakiya. Kan gaba a kafe yake jikin shasi, na baya kuma yana rataye da 'yan ƙarafa masu lilo, saboda sifirin kan miƙe ya ƙara tsawo idan lodi ya danne shi. Robar bushin ce ke hana ƙarfe cin ƙarfe.

In ta mutu, mota ba ta ɓoyewa. Za ka ji ƙwas-ƙwas daga baya duk sanda ka faɗa rami ko ka taka burki, bayan motar ya riƙa yawo a kwana, taya ta cinye gefe guda. Direba ya ce ai gargada ce, ya ƙara wa rediyo murya. Kafin ya farga boti ya sassaƙe, ramin da yake ciki ya yi faɗi, aksil ya karkace, aikin 'yar roba ya koma na mai walda.

Wajen saye, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko Fanteka ta Kaduna, tafi da tsohon a gwada, kuma ka sayi na gefe biyu. Wanda ake yankawa daga tsohuwar taya zai iya fid da kai daji, amma ba na zama ba ne.

A gareji, kada ka yarda kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A tokare tayoyin gaba, a tallafe shasi da abu mai ƙarfi, a sa wani jak ɗin ƙarƙashin aksil har nauyi ya sauka daga kan boti. Sifirin da ke danne yana iya zabura ya karya hannu. Tsohon bushin kan yi tsatsa ya maƙale, sai wani bakanike ya jawo wutar walda ya gasa zoben har ya yi ja. Hana shi. Zafi irin wannan yana kashe ƙarfin sifirin, wata rana ya ɓalle a hanya da kaya a kai. A turo tsohon bushin da matsi, a kankare tsatsar cikin zoben tas. Wajen cusa sabon bushin kuma, baƙin mai da giris suna lalata roba. Ruwan sabulu ya isa ya sa sabon ya zame ya shiga. Bushin roba mai tauri, irin mai launin ja ko rawaya, shi ne ke da nasa man na musamman.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ɗaurin ƙarshe. Bushin da aka manne robarsa da bututun ƙarfe ba ya juyawa a kan boti. Robar ce ke murɗewa kaɗan ta dawo. In aka ƙulle noti tamau alhali tayoyi na reto a sama, da an sauke motar robar za ta zauna a murɗe kamar wankin da aka matse, ga lodi kuma ya zo ya ƙara mata. Ba ta daɗewa take yagewa, mai mota ya koma yana zagin mai shago cewa ya sayar masa da jabu. Don haka a ɗaura noti sama-sama, a sauke motar ta tsaya da ƙafafunta a wuri mai daidai, a ɗan girgiza ta, sannan a ƙarasa ɗauri. In yaron gareji yana sauri, ce masa, "Malam, sauke ta tukuna."

Tunda an riga an shiga ƙasa, a duba ƙarafan da suka ɗaure sifirin da aksil, da botin tsakiya, da ko akwai fallen da ya tsage. Bayan 'yan kwanaki ana aiki da motar, a koma a sake bin notocin da sifana.