Anko ko Kowa da Rigarsa: Yadda Ake Karanta Tufafin Jaruman Labaran Zane na Amurka

A fitowa biyu na farko na mujallar Fantastic Four, wadda kamfanin Marvel ya fara bugawa a Amurka a watan Nuwamba na 1961, jaruman nan huɗu ba su da wata shiga ta musamman. Da kayan yau da kullum suke fita su yi artabu da dodanni, domin Stan Lee mai rubutu da Jack Kirby mai zane iyali suke son nunawa, masu gardama da fushi da juna kamar kowane gida. Sai a fitowa ta uku, a 1962, Sue Storm, ɗaya daga cikinsu, ta haɗa musu anko, shuɗin kaya mai manne wa jiki da lamba 4 a ƙirji. Lee ya faɗa daga baya cewa wasiƙun masu karatu ne suka matsa musu lamba. To amma a dubi abin da Kirby ya yi da wannan matsi. Ben Grimm, wanda tafiyar sararin samaniya ta mayar da fatarsa kamar tulin duwatsu ruwan goro, shi ma an ba shi nasa, har da kwalkwali mai ɓoye fuska. Faɗa na tashi ya yayyage rigar, ya yi jifa da kwalkwalin, ya rage daga shi sai wando. Sauran ukun in sun tuɓe anko sun saje da jama'a, shi kuwa ba shi da abin tuɓewa, kuma ba a buƙatar dogon bayani kafin yaro ɗan shekara goma ya fahimci baƙin cikinsa.

Wannan shafi ya isa hujja ga abin da nake so in kare, wato a labaran zane na rundunonin jarumai riga ba ado ba ce kawai, wurin da mai zane yake rubuta babbar tambayar labarin ne: ina mutum ya tsaya, ina ƙungiya ta fara? Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a nan fuskar takan kasance a rufe, sai dai a tambayi riga. Saboda haka wanda ya san waɗannan jarumai ta finafinai kawai, yake kuma neman tsofaffin mujallun da suka cancanci lokacinsa, ya fi masa ya bi sawun tufafin, domin inda riga ta sauya da dalili galibi nan ne labari ya nuna.

Asalin shigar dai larurar ɗab'i ce ta haife ta. Ana buga mujallun a kan takardar jarida mai arha da tawada huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, kuma in an gauraya su da ɗige-ɗige launi sittin da huɗu kawai ake samu. Launin da ya fi fita tas shi ne wanda ba a gauraya sosai ba, shi ya sa Superman tun 1938 yake cikin ja da shuɗi da rawaya, aka bar wa mugaye irin su Joker kore da shunayya. Hulk ma ruwan toka aka fara yin sa a 1962, da aka ga launin yana fitowa iri-iri daga shafi zuwa shafi sai aka mayar da shi kore a fitowa ta biyu. Mujallar runduna ta ninka wannan matsala, domin mutum bakwai ko takwas za a cusa a gida ɗaya da bai kai tafin hannu ba, kuma dole mai karatu ya gane kowa da kallo ɗaya. Rundunar farko, Justice Society of America, wadda ta bayyana a All Star Comics fitowa ta uku a 1940, ba ta sha wahala ba, don kowane jarumi ya zo da kayansa daga nasa labarin, suka zauna a teburi kowa ya ba da labarin bajintarsa. Haka Justice League ta 1960 da Avengers ta 1963 suka taso, taron manya ne, kowa da garinsa da rawaninsa, ba wanda zai yarda ya sa rigar wani.

X-Men ce ta bi ɗaya hanyar, kuma tarihin tufafinta ya fi na kowace runduna daɗin bi. A watan Satumba na 1963 Lee da Kirby suka fito da matasa biyar da aka haifa da wata baiwa a jininsu, wadda ta sa jama'a ke tsoronsu. Ɗaliban makarantar Farfesa Xavier ne, don haka aka sa musu kaya iri ɗaya, rawaya da shuɗi mai duhu, kamar kayan makaranta. A 1967, a fitowa ta 39, aka ba kowa nasa kayan alamar sun girma, amma kasuwa ba ta buɗe ba, aka daina sababbin labarai a 1970. Da Len Wein da Dave Cockrum suka farfaɗo da ita a 1975 cikin Giant-Size X-Men, sai suka watsar da ankon gaba ɗaya, suka tattaro baligai daga ƙasashe daban-daban: Storm daga Kenya, Nightcrawler daga Jamus, Colossus daga Tarayyar Sobiyet, Wolverine daga Kanada, da wasunsu. Cockrum, wanda ya riga ya gwada hannunsa wajen sabunta kayan Legion of Super-Heroes a kamfanin DC, ya bar kowa da surarsa, ta yadda ko inuwarsu aka zana za a bambance su. Ma'anar labarin ta juya kenan. Da can yara ne da malami ya haɗa, yanzu baƙin juna ne waɗanda ƙiyayyar duniya kaɗai ta tara su, kuma Chris Claremont ya shafe shekara goma sha shida, daga 1975 zuwa 1991, yana rubuta yadda irin waɗannan ke zama dangi.

Inda wannan fasaha ta kai ƙololuwa shi ne labarin Dark Phoenix na 1980, wanda Claremont da John Byrne suka yi tun daga fitowa ta 129. Jean Grey, wadda ta fara a matsayin ɗaliba mai ƙaramin ƙarfi, ta sami iko marar iyaka a 1976 tare da koriyar riga mai hoton tsuntsu a ƙirji da ɗamara ruwan zinari. Da ikon ya rinjaye ta, Byrne bai ƙara mata ƙaho ko farata ba. Ɗinkin yana nan yadda yake, tsuntsun yana nan, ɗamarar tana nan, kore ne kawai ya koma ja, kuma cikin jar rigar nan ta haɗiye wani tauraro, duniya guda mai rai biliyan biyar ta hallaka. A fitowa ta 137, da za a yi mata shari'a ta hanyar gumurzu a duniyar wata, sai ta ɗauko tsohon kayanta na ƙuruciya, gajeriyar koriyar riga da rawayan abin rufe ido, ta sa. Mai karatun da ya biyo ta shekara da shekaru ya san me take nema: tana so ta koma yarinyar da take kafin ta yi kisa. Rigar ba ta mayar da ita ba, kuma kafin a rufe mujallar ta zaɓi mutuwa. Edita Jim Shooter ne ya dage cewa wadda ta kashe al'umma guda ba za a bar ta haka ba, amma zaɓen rigar da za ta mutu a ciki, wannan aikin masu labari ne da suka san darajar abin da ke hannunsu.

Bayan shekara uku aka yi wa Storm irin wannan. Matar da aka bauta wa a Kenya a matsayin mai saukar da ruwa, mai dogon farin gashi da mayafi da ya haɗe da wuyan hannunta, wadda ta ƙi jinin kisa, sai ga ta ta soki wata mai suna Callisto da wuƙa a wani faɗan neman shugabanci a ƙarƙashin ƙasa. A fitowa ta 173, a 1983, Paul Smith ya zana ta cikin baƙaƙen kayan fata tun daga sama har ƙasa, ta aske gefe da gefe ta bar zanko a tsakiya. Kitty Pryde, autar rundunar, tana ganinta ta fashe da kuka ta gudu. A kamfanin DC kuwa, Marv Wolfman da George Pérez sun yi amfani da The New Teen Titans wajen raba Dick Grayson da kayan Robin, gajeren koren wando da rawayan mayafi da yake sawa tun 1940. A labarin The Judas Contract na 1984 ya fito da shuɗin kaya da sunan Nightwing, yaron gidan Batman ya kafa nasa gidan.

Mai suka zai ce duk wannan fassarar masu son abu ce, gaskiyar magana kuɗi ake nema, sabuwar riga sabon abin wasa ne a kanti. Yana da hujja. Mujallar Secret Wars ta 1984 an shirya ta ne tare da kamfanin kayan wasan yara na Mattel, kuma a cikinta Spider-Man ya sami baƙar rigarsa. A 1991 fitowar farko ta sabuwar X-Men ta Jim Lee, mai bango iri biyar, ta sayar da kofi sama da miliyan takwas, kuma a zamanin nan aka cika jarumai da aljifai da ɗamaru da ba a taɓa ganin sun ciro ko allura daga ciki ba. Sai dai wannan suka ba ta rushe maganar ba, ma'auni ta ba mu. Rigar da aka ɗinka don kasuwa kawai takan shuɗe da kasuwar, wadda ta ɗauki nauyin labari kuma takan zauna. Baƙar rigar Spider-Man ta tsira ne don marubuta sun mayar da ita halitta mai rai da ke neman mallake shi, har ta zama Venom a 1988. Nightwing yana nan fiye da shekara arba'in. Aljifan kuwa yawancinsu sun bi iska.

Sukar da ta fi wannan nauyi ita ce ta kayan mata, kuma ba ni da niyyar wanke kowa. Wonder Woman, mai ƙarfin da ya fi na yawancin mazan Justice Society, sakatariya aka naɗa ta. Shekaru da yawa ana lulluɓe maza har wuya ana barin mata da ɗan ƙyalle, kuma a 1992 an kai ga yanke lamba 4 a ƙirjin rigar Sue Storm, matar aure mai ɗa, don fata ta fito. Duk uzurin da aka kawo cikin labari, wannan ba halin Sue yake bayyanawa ba, ra'ayin kamfani ne game da wanda yake zaton yana saye. Iyaye masu saya wa yara su san da haka, musamman a mujallun shekarun 1990. Amma ko nan rigar ba ta yi ƙarya ba, ta tona asirin masu ɗinka ta. Da Jamie McKelvie ya zana wa Carol Danvers cikakken kaya irin na matuƙan jirgin yaƙi a 2012, lokacin da Kelly Sue DeConnick ta karɓi rubutun Captain Marvel, kowa ya gane an sauya waɗanda ake yi wa magana.

Finafinai sun shigo da tasu kunyar. Fim ɗin X-Men na 2000 ya sa kowa cikin baƙaƙen kayan fata, har da yi wa tsohuwar rawayar riga ba'a, kuma a 2001 Grant Morrison da Frank Quitely suka sa wa na mujalla jaket ɗin fata mai babban harafin X, suka koma kamar ma'aikatan agajin gaggawa. A 2004 Joss Whedon da John Cassaday suka dawo da launuka a Astonishing X-Men, bisa hujjar cewa mutanen da ake tsoro ba su da buƙatar shigar da za ta ƙara firgita jama'a. Sai a 2024 Hugh Jackman ya sa rawaya da shuɗin Wolverine a fim, shekara hamsin bayan an fara zana shi a 1974.

Gaskiya ne tsofaffin mujallun suna da surutu, jarumi yakan tsaya tsakiyar naushi yana bayanin abin da ido ke gani, domin ana rubuta kowace fitowa da tunanin wataƙila ita ce ta farko a hannun wani yaro. Wanda ya jure wannan zai ci riba. Ya ɗanɗana Fantastic Four ta Lee da Kirby, musamman zuwan Galactus a fitowa ta 48 zuwa 50 a 1966, in kuma yana son Avengers ya nemi yaƙin Kree da Skrull na 1971 zuwa 1972 wanda Roy Thomas ya rubuta. Duk an sake buga su a dunƙule cikin manyan littattafai. In kuwa abu ɗaya kawai mai karatu zai iya saya, to ya sayi X-Men daga Giant-Size ta 1975 har zuwa fitowa ta 137, ya karanta a jere, kada ya tsallaka zuwa ƙarshe, domin wanda bai ga Jean cikin kore ba jar rigar ba za ta tsorata shi ba.