Wuƙa a hannun maigida, iska a kan uwargida

A karkarar arewacin Kano, wajejen Bichi da Ɗambatta inda gona ke manne da gona, yau da wuya ka ji garayar bori. Amma tsohon addinin Hausawa ya daɗe a ƙauyuka bayan da Wangarawa suka kawo Musulunci birni zamanin Sarki Yaji, kuma mata ba 'yan kallo ba ne a cikinsa.

Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna da Maguzawan Kano wajen 1938 zuwa 1939, ya tarar da aikin a rabe. Yanka wa iskokin gida na maigida ne, kowane iska da irin dabbarsa da launinta. Hawan bori kuwa galibi na mata ne. Mace za ta kwanta ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko 'ya'yanta su yi ta mutuwa, sai a ce a yi mata girka. A killace ta kwanaki, ana jiƙo da turare da kiɗa, har ta fito godiyar Inna ko Sarkin Rafi ko Ɗan Galadima. In iska ya hau ta, muryarta ta sauya, mijin da ke yi mata tsawa jiya sai ya durƙusa ya saurara. A ganina nan ne ƙarfin abin yake: bakin da al'ada ta rufe, bori ya buɗe.

A fadoji ma haka. Innar Gobir, 'yar gidan sarauta, ita ce shugabar 'yan bori, kamar Iya a Maraɗi.

A ɓangaren Musulunci kuwa, Nana Asma'u (1793–1864) ta gane cewa hani kaɗai ba zai raba mata da bori ba. Sai ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, ta naɗa musu shugabanni da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa irin ta Innar Gobir, suka shiga ƙauyuka da waƙoƙin karantarwa.

Maguzawan da suka bi Kiristanci ta hannun mishan ɗin SIM, wadda ta haifi ECWA, su ma matansu ba su zauna ba. Zumuntar Mata ce ke gaida marasa lafiya, ta tara gudummawar biki da rasuwa, ranar Lahadi kuma ta cika coci da waƙar Hausa da kiɗan tulu. Wannan ba sabon abu ba ne a addinin: wajen shekara ta 112, wani gwamna a daular Rum mai suna Pliny ya rubuta wa Sarki Trajan cewa ya azabtar da kuyangi biyu masu hidimar coci don ya ji sirrin Kiristoci.