Kariyar Kwamfutar Gida: Ta Kyauta Ko Ta Kuɗi?

A garuruwan kudancin Kano, daga Kiru da Bebeji har Tudun Wada da Doguwa, kwamfutar gida yawanci laftof ce ta hannu, wadda aka sayo a Titin Beirut ko kasuwar Farm Centre cikin birni. Masu ita sanannu ne: malamin makaranta da ke buga tambayoyin jarrabawa, ɗalibin jami'ar Wudil ko Bayero da ke haɗa furojet, ma'aikacin ƙaramar hukuma, da uban da ya ciji yatsa ya saya domin ɗansa ya saba da madannai, tunda daga 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Kusan kowannensu an taɓa tambayarsa a shago, "Alhaji, a sa maka antibairos? Ta kyauta ko mai lasisi?" Mutum ya amsa da ka, ko dai don tsoron asara ko don kada a ce ya yi rowa. Matsayin wannan rubutu shi ne, ga kwamfutar gida mai Windows 10 ko 11, kariyar da ke cikinta ta kyauta ta wadatar, kuma kuɗin da za a zuba a lasisi yana da wuraren da suka fi cancantarsa.

Sai an san yadda manhajar kariya ke aiki kafin a fahimci dalili. Kamar maigadi take, wanda aka ba hotunan ɓarayin da aka sani, aka kuma koya masa lura da take-taken baƙo. Tana ɗauke da kundin alamomin bairos, tana gwada kowane fayil da shi, tana kuma sa ido kan manhajar da ta fara abin da bai dace ba, misali kulle takardu da yawa a lokaci guda. Masu ƙirƙirar bairos ba sa hutawa, kullum sababbi suke fitarwa, saboda haka kundin nan sai an riƙa sabunta shi ta intanet. Manhajar da ta yi wata shida ba ta taɓa intanet ba, ko nawa aka saye ta, ɓarayin bara ta sani. Tambayar da ta kamata a fara yi ke nan a Kiru ko Riruwai, inda data ke da tsada, sabis ke ɗaukewa, wutar KEDCO kuma ta zo ta tafi: yaushe rabon da kwamfutar nan ta sabunta kanta? Wannan ta fi tambayar kyauta ko kuɗi nauyi nesa ba kusa ba.

Mutane da yawa ba su san cewa kwamfutarsu ta riga ta zo da kariya ba. Tun fitowar Windows 8 a 2012 kamfanin Microsoft ya sanya cikakkiyar manhajar kariya a ciki, wadda yanzu ake kira Microsoft Defender. Gaskiya ne a shekarunta na farko ba ta taka kara ta karya ba, kuma da yawa daga masu gyara sun koyi sana'a a wancan lokaci, shi ya sa har gobe suke raina ta. Amma akwai cibiyoyi masu zaman kansu da aikinsu shi ne gwada waɗannan manhajoji da ainihin bairos, irin su AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya. A gwaje-gwajen shekarun nan, Defender ta sha samun cikakken maki ko kusa da shi wajen kama bairos, kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake saya. Su ma manyan kamfanonin da ke da ta kyauta da ta kuɗi, irin su Avast da Bitdefender, injin da ke gano bairos ɗaya ne a duka biyun. Abin da ake biya shi ne ƙarin kayan da aka jingina a gefe.

A yi lissafi kaɗan. Mu ce lasisin shekara dala 30 ne. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura naira 1,500. Dala 30 ta zama kimanin naira 45,000 ke nan, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Kuma ba sayen din-din-din ba ne, haya ce ta shekara. Da wa'adi ya ƙare, sabuntawa ta tsaya, manhajar na nan a allo da tambarinta, mai ita na ganin tana kare shi alhali ta daina sanin sababbin bairos. Wannan hali ya fi na kwamfutar da aka bar wa Defender tun farko hatsari, domin ita ba ta da ranar ƙarewa.

Mai musu zai ce banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma yana da hujja mai ƙarfi. A Janairun 2020 binciken 'yan jarida ya bankaɗo cewa Avast, ɗaya daga cikin manhajojin kyauta da suka fi yaɗuwa a duniya, tana tattara bayanan shafukan da mutane ke shiga, wani reshenta mai suna Jumpshot yana sayarwa. Kamfanin ya rufe reshen, sannan a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 16.5. To, lalle wasu na kyautar da bayananka kake biyansu, wasu kuma da tallan da ke faɗo maka kullum yana tsorata ka da cewa kwamfutarka na cikin hatsari, ka saya. Sai dai wannan hujja ba ta ce a sayi ta kuɗi ba, ta ce a duba wa ke ba da kyautar kuma da me yake cin riba. Microsoft ba da Defender take neman kuɗi ba, Windows take karewa don kada sunanta ya ɓaci. Biyan kuɗi ma bai raba mutum da matsala: a 2024 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da Kaspersky ta ƙasar Rasha a can, masu lasisi suka wayi gari an yanke musu sabuntawa. Haramcin bai shafi Nijeriya ba, amma ya nuna cewa rasit ba shi ne tabbaci ba.

Inda maganar ta fi shafar mutanenmu shi ne ta ina cutar ke shigowa. Hanya ta farko filash ce. Ɗalibi ya kai aikinsa shagon buga takardu a Kwanar Ɗangora ko Tiga, a soka filash ɗinsa a kwamfutar da mutum hamsin suka soka nasu a yini, ya dawo gida ya tarar fayilolinsa sun ɓace, sai gajerun hanyoyi masu kibiya a madadinsu. Wannan ce ta sa Smadav ta ƙasar Indunisiya ta yi farin jini a shagunanmu, kuma tana da amfani a nan, amma masu ita da kansu sun ce kariya ce ta biyu, ba a dogara da ita kaɗai. Tura takarda ta imel ko WhatsApp zuwa ga mai shago ya fi sauƙi, filash ba ta fita daga gida ba balle ta kwaso. Hanya ta biyu ta fi muni, wato fasassun manhajoji: Windows da Office da CorelDraw da aka karya makullinsu. Domin a girka su, abu na farko da mai gyara ke yi shi ne kashe Defender, don za ta kama abin fasawar, sau da yawa kuma ba a sake kunna ta. Bairos mai kulle fayiloli yana neman kuɗin fansa da ake kira STOP ko Djvu, wanda ya addabi masu kwamfutar gida a ƙasashe da dama, ta irin waɗannan fasassun kaya ya fi yaɗuwa. Abin takaicin shi ne, "mai lasisin" da ake sa wa mutum a kan naira dubu biyu ko uku sau da yawa ita ma fasasshiya ce. An cire halastacciyar kariya ta kyauta, an sa ta sata wadda ba a san wanda ya taɓa cikinta ba, an kuma karɓi kuɗi.

Wani zai ce ai ta kuɗi tana zuwa da ƙari: ma'ajiyar kalmomin sirri, hanyar ɓoye zirga-zirgar intanet, sa ido kan abin da yara ke kallo, da lambar da za a kira in an samu matsala. Haka ne, kuma akwai wanda ya kamata ya biya. Mai shagon buga takardu da kwamfutoci biyar, ko ɗan kasuwar hatsi da ke ajiye lissafin miliyoyi yana tura kuɗi daga laftof, ko makaranta mai riƙe da sakamakon ɗalibai, in sun sayi lasisi na gaskiya daga kamfanin ko dillalinsa ba su yi asara ba. Amma gida ɗaya da kwamfuta ɗaya, yawancin ƙarin nan akwai makamancinsa kyauta a cikin Windows da burauza. Sannan babbar asarar da ake tafka wa mutane a yankin nan ba ta bairos ba ce, ta baki ce: a kira mutum a ce daga banki ne, ya karanto lambar BVN da lambar sirrin da aka turo masa, ko a aiko masa da mahaɗin tallafin bogi ya cike da hannunsa. Babu lasisin da ke hana wannan. Kada kuma a ce za a haɗa manyan manhajojin kariya biyu don ƙarin ƙarfi; karo suke yi da juna, tsohuwar laftof mai ƙaramar ƙwaƙwalwa ta koma tafiyar hawainiya.

Akwai inda wannan matsayi ke da iyaka, kuma dole a faɗe shi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, ko da yake ta buɗe shirin ƙarin wa'adi zuwa Oktoban 2026 ga wanda ya yi rajista. Tsofaffin laftof da yawa ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Kwamfutar da aka daina toshe wa ɓaraka, manhajar kariya ta kyauta ko ta kuɗi rage hatsari kawai za ta yi. Harin WannaCry na Mayun 2017 ya kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, alhali Microsoft ta fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su abin ya ci. Mai irin wannan tsohuwar na'ura gara ya tara kuɗin lasisin ya canza ta, ko ya sa a girka masa Linux, wadda kyauta ce kuma tana tafiya da tsofaffin kwamfutoci.

Saboda haka mai kwamfuta a Kiru ko Doguwa ya buɗe sashen tsaro na Windows ya tabbatar Defender a kunne take, ya ware data ko sau ɗaya a mako ya bar ta ta sabunta, ya sayi ma'ajiyar waje ya riƙa kwafe takardunsa da hotunan iyali yana cire ta yana ajiyewa daban, domin ita ce hanya mafi tabbas ta dawo da fayil in an kulle shi. In ya kai gyara, ya tambayi mai gyaran kai tsaye: me ka kashe, me ka sa, kuma daga ina ka samo shi?