Wata uku kafin a hau jirgi: Yadda ɗan riƙo ke sabawa da sababbin iyayensa

Ranar farko ba ta cika zuwa yadda aka zana ta a zuci ba. A ƙaddara wasu ma'aurata 'yan asalin Taraba mazauna Amurka, waɗanda Allah bai ba su haihuwa ba. Sun sauka a Abuja, sun kama hanyar Jalingo, jakunkunansu cike da tufafi da kayan wasa. Fiye da shekara ke nan suna kallon hoton wani yaro a waya. Amma da aka fito da shi daga ɗakin reno, sai ya dube su sau ɗaya, ya juya ya cusa fuskarsa cikin zanin mai renonsa. A wurinsu, ɗa ne da suka daɗe suna jira. A wurinsa, baƙi ne masu wani ƙamshi da wata murya da bai sani ba.

Daga wannan rana zuwa ranar da alƙali zai sa hannu, doka ta gindaya aƙalla wata uku. Masu nema da yawa na ɗaukar wannan wa'adi a matsayin jan ƙafa irin na ofis. Alhali kuwa a cikinsa ne ake gina abin da takardar kotu ba ta iya bayarwa, wato amincewar yaro.

Abin da doka ta tanada

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ita ce ginshiƙi, kuma Taraba na cikin jihohin Arewa da suka riga saura karɓar ta. Sashe na 131 na dokar tarayya ya jera sharuɗɗa. Mai nema ya kai shekara 25, kuma ya girmi yaron da aƙalla shekara 21. Ya kasance ɗan Najeriya. In ma'aurata ne, dukansu biyu. Ya zauna a jihar da yaron yake na tsawon shekara biyar. Ya sanar da jami'in jin daɗin jama'a niyyarsa wata 12 kafin hukunci. Sannan yaron ya kasance a hannunsa wata uku a jere kafin kotun iyali ta yanke. Jihohi sun bambanta wajen aiwatar da waɗannan sharuɗɗa, shi ya sa ƙofar farko da ake ƙwanƙwasawa a Jalingo ita ce ma'aikatar harkokin mata ta jihar, ba gidan marayu ba.

Ke nan baƙon da ba ɗan ƙasa ba, ƙofa a rufe take gare shi. Masu irin wannan tafiya galibi 'yan Najeriya ne da ke zaune a waje, kuma su ma hanyar ta ƙara ƙunci. Najeriya ba ta cikin Yarjejeniyar Hague ta 1993, wadda ke tsara riƙon yara tsakanin ƙasa da ƙasa. A watan Maris na 2021 Birtaniya ta dakatar da karɓar 'ya'yan riƙo daga Najeriya, tana mai kafa hujja da wahalar tantance asalin yaran, da raunin takardu, da alamun safarar yara. Habasha ma ta haramta wa 'yan waje ɗaukar yaranta a 2018. Darasin a fili yake: yara da yawa da ke gidajen marayu suna da uwa ko kaka ko baffa a raye, kuma wanda rikici ya raba da danginsa ba maraya ba ne har sai an nemi dangin an rasa. A jiha irin Taraba, wadda ta sha karɓar 'yan gudun hijira, wannan bincike wajibi ne.

Me ya sa yaro ke ƙin mai son sa?

A tsakiyar shekarun 1950, masaniyar halayyar ɗan Adam Mary Ainsworth ta zauna a Uganda tana lura da jarirai da iyayensu mata a ƙauyukan da ke kewayen Kampala. Ta ga cewa jaririn da ya tabbatar uwarsa za ta amsa kukansa shi ne ke da ƙarfin zuciyar rarrafawa nesa ya yi wasa, ya dawo gare ta in ya tsorata. Shaƙuwa, a fahimtarta, amsa ce da ake maimaitawa har yaro ya yarda ba za ta yanke ba.

Wani bincike da aka fara a Bukarest ta Romaniya a farkon shekarun 2000 ya bi yara 136 da ke gidajen marayu, aka mayar da rabinsu hannun iyalai. Waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu sun fi saura samun shaƙuwa mai ƙarfi. Dalilin bai da wuyar ganewa. A ɗakin da mace ɗaya ke kula da jarirai da yawa, kuma ake canjin aiki safe da yamma, yaro kan koyi cewa kuka ba ya kawo kowa, ko kuma kowa ma daidai ne.

Daga nan ne wani abin ruɗarwa ke fitowa. Yaron da ya ruga ya rungumi sababbin iyayensa tun ranar farko, ya kuma rungumi direba da mai gadi, ba lallai ne ya shaƙu ba; wataƙila bai taɓa samun mutum ɗaya da zai kira nasa ba. Wanda ya yi kuka ya manne wa mai renonsa kuwa ya nuna ya san ƙauna, kuma zai iya mayar da ita ga wani in an ba shi lokaci. Kukansa makoki ne, domin ranar murnar iyayen ita ce ranar rabuwarsa da duk abin da ya sani.

Abin da Bahaushe ya riga ya sani

Riƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta reni 'ya'yan dangi har suka girma. Al'adar kunyar ɗan fari ma ta sa sau da yawa kaka ko gwaggo ce ke ɗaukar yaro bayan yaye. Sai dai a wannan tsari ɗan riƙo ya san mahaifinsa, ya san garinsu, ana kai shi ganin gida.

Musulunci ya tabbatar da wannan iyaka. Suratul Ahzab ta hana jingina ɗa ga wanda bai haife shi ba, bayan abin da ya faru da Zaidu ɗan Harisa, yayin da hadisai suka kwaɗaitar da ɗaukar nauyin maraya. Wannan shi ne kafala, wadda Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ta ambata da sunanta a sashe na 20. A Jalingo, inda Musulmi da Kirista ke zaune unguwa ɗaya, iyali kan zaɓi hanyar da ta dace da addininsu. Amma jariri bai san bambancin hukuncin kotu da kafala ba. Abin da ya sani shi ne wa ke tashi in ya yi kuka da tsakar dare.

Yadda ake cin moriyar wata ukun

Masana renon yara sun haɗu a kan wasu abubuwa masu sauƙi. Na farko, kada a yi ƙwace. A fara da ziyara, mai reno tana zaune, ita ce za ta miƙa cokali ga sabuwar uwa yaron yana gani. A tambaye ta lokacin barcinsa, da abin da ke tsorata shi, da yadda take rarrashinsa. Zanin da ya saba kwanciya a kai ya fi sabon bargo daraja, ko da ya koɗe.

Na biyu, abinci da wanka da kwanciya su koma hannun iyayen kaɗai. Wannan yana da wuya a al'adar da 'yan barka ke cika gida, kowa na son ɗauka. Amma yaron da ke koyon wace ce uwarsa yana bukatar hannu biyu ko huɗu, ba ashirin ba. Goyo kuwa magani ne da ba a saye: zani da majanyi, da ɗumin baya, da bugun zuciya. Idan yaro ba ya son haɗa ido, goyo na ba shi kusanci ba tare da tilas ba.

Na uku, kada a sauya komai lokaci guda. Wanda ya tashi da kunu da tuwo da doyar Mumuye, a bar shi da su. In an same shi yana ɓoye abinci a ƙarƙashin matashi, ba sata ba ce, tsoron yunwa ne, kuma yakan gushe. Sunansa ma a bar masa. Yaron Jalingo na iya tasowa da Hausa ko Fulatanci ko Mumuye ko Jukun, kuma kalmomi goma na harshensa a bakin sabon uba sun fi akwatin kayan wasa. A kuma yi amfani da lokacin a kai shi asibiti, a duba katin rigakafinsa da jininsa, musamman saboda sikila.

Iyayen su ma suna da nasu nauyin. Akwai uwar da za ta yi mako uku tana wanka da ciyarwa ba ta ji komai a zuciyarta ba, ta riƙa zargin kanta a ɓoye. Wannan ba abin kunya ba ne. Har uwar da ta haifa yakan same ta. Sau da yawa hidima ce ke zuwa da farko, ƙauna ta biyo baya.

Inda abin ya shafi ma'aikata

Ga ma'aikacin tarayya da ke tunanin riƙo, tambayar ita ce ina zai samo lokacin. Takardar da ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya fitar a Nuwamba 2022 ta ba maza hutun haihuwa na kwanakin aiki 14, ta kuma haɗa da wanda iyalinsa suka ɗauki riƙon jaririn da bai kai wata huɗu ba. Ci gaba ne. Amma yaro mai shekara biyu ko uku, wanda ya fi jariri bukatar a zauna da shi, bai shiga wannan tanadi ba. Masu tsara dokokin aiki da masu ba su shawara suna da abin dubawa a nan.

Haka kuma duk hadimin da aka roƙa ya buga waya Jalingo don a gajarta wa wani babba wa'adin, ya kamata ya san abin da ake nema ya yanke. Ba layin ofis ba ne. Kwanakin da yaro ke bukata ne kafin ranar da zai faɗi a tsakar gida, ya tashi yana kuka, ya wuce kowa da ke wurin, ya nufi mace ɗaya da hannuwansa a sama.