Gadar Gaya a rufe: wa ke biyan kuɗin fito?

Duk bayan 'yan watanni sai jita-jitar ta sake tashi a tashar motar Gaya: wai Yamai da Kwatano sun shirya, gobe ko jibi za a buɗe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil. Direbobi su leƙa taya, masu abinci su ƙara sanwa, daga nan sai shiru. A gardamar da ke biyo baya kuwa, akwai maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya: wai rufe gadar horo ne ga manyan attajiran Kwatano, mu ba abin da ya same mu tunda ga tashar jiragen ruwan Lome.

Ba shakka Kwatano ta ji a jikinta. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, yawancin kayan da Nijar ke sayowa daga ƙetare a tashar jiragen ruwanta suke sauka: shinkafa, man girki, magani, taki, da motocin hannu waɗanda har a Kano ake kira 'yan Kwatano. Bayan juyin mulkin, takunkumin CEDEAO ya sa aka rufe gadar. CEDEAO ta ɗage shi ranar 24 ga Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Yamai ta ƙi buɗe nata. Hujjarta tsaro, tana zargin Benin da ba sojojin Faransa masauki, zargin da Benin ta musanta.

To amma su wane ne waɗannan manyan da ake cewa an hora? Tun 2018 Turawan tashar Antwerp ta Beljiyam aka danƙa wa tafiyar da tashar Kwatano. Wurin sauke kwantena kuwa yana hannun kamfanin Bolloré har ƙarshen 2022, lokacin da kamfanin jiragen ruwa na MSC ya saye harkokinsa na Afirka, aka sauya musu suna zuwa AGL. Shi MSC ɗin nan, da shi ake damawa a tashar Lome. Idan kwantenar ɗan Nijar ta bar Kwatano ta koma Lome, kuɗin ya fita ne daga aljihun dama ya shiga na hagu, rigar ɗaya ce. Patrice Talon, wanda ya hau mulkin Benin a 2016, shi kansa da auduga ya yi arziki, kuma masana'antun Glo-Djigbé da aka kafa kusa da Kwatano, masu sarrafa auduga da kashu, teku suke kallo, ba kogi ba.

Man fetur ma bai tsaya jiran gada ba. Bututun da kamfanin CNPC na Sin ya shimfiɗa daga Agadem zuwa Sèmè, kusan kilomita 2,000, ta wannan yanki namu ya ƙetare. Jirgin farko ya yi lodi a Mayun 2024. An yi rigima, an kama mutane, an rufe famfo, amma da yake kuɗin mai nauyi ne, ba a daɗe ba aka samo hanya.

Wanda ya rage a tsakiya shi ne mai buhu goma. Kaya ba su daina ƙetarewa ba, kowa a Gaya ya sani. Abin da ya sauya shi ne yawan hannuwan da ke taɓa su. A da, babbar mota ɗaya ke ɗauko shinkafa daga bakin teku, ta yi takardun duwan, ta hau gada, sai kasuwa. Yanzu a sauke a Malanbil, 'yan dako su kai bakin ruwa, a loda a kwale-kwale, a yi fito, a sake saukewa, a ɗora wa mai amalanke ko mai ƙafa uku. Kowane hannu da ladansa, ban da na goron masu tsaron hanya. Kamar ruwan da ake miƙowa daga rijiya guga zuwa guga ne, kowane miƙo sai ya zuba kaɗan. Ko ka aiki yara biyar a jere su sayo maka ƙuli-ƙuli, ka ga abin da zai iso gare ka. Ɗan kasuwa ba ya haɗiye wannan asara, a kan tiya yake zuba ta, uwargida ta biya.

Hanyar Lome fa? Sai an ratsa Togo daga kudu zuwa arewa, a shiga Burkina Faso, a jira rakiyar sojoji ta Kaya da Dori zuwa Tera, sannan Yamai. Kowace rana da mota ta yi a tsaye ana jiran ayari, mai kaya ke biya. Daga Yamai kuma sai kayan su sake gangarowa kudu wajen kilomita 300 kafin su iso mu. Garin da yake ƙofar gida ya koma ƙuryar ɗaki. Kamba ta Najeriya tana nan kusa, an kuma buɗe iyakar Najeriya tun Maris na 2024, sai dai Kamba ba teku ba ce.

Wannan dogaro da gada guda ba jiya aka fara shi ba. Tun 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwa, OCBN, amma layin dogo bai wuce Parakou ba. Bolloré ya shimfiɗa ƙarfe daga Yamai zuwa Doso, shari'a da attajirin Benin Samuel Dossou ta tsayar da sauran, ga ƙarfen nan rana na dukansa.

Ba na raina maganar tsaro, ƙasa ba ta wasa da iyakarta. Sai dai idan har za a iya sa ido a kan ɗanyen man da ke wucewa cikin bututu, ana iya sa ido a kan motar shinkafa da ta tsaya gaban ma'aikatan duwan da rana tsaka, ta fi kwale-kwalen da ba wanda ya rubuta abin da ke cikinsa. Masu mulki a Yamai da Kwatano, ku zo bakin kogin Gaya ranar kasuwa, ku tambayi kuɗin fiton buhu ɗaya.